Karkatacce, Kashi na Biyu

Jiya ina zaune a shagon ɗan ƙanena, inda samari suke ɗora muryar Hausa a kan katun da kwamfuta, sai na ji ɗayansu yana karantar da 'yan uwansa. Wai a harkar katun babu abin da ya kai kashi na biyu sauƙi: ka ɗauko jarumin da mutane suka riga suka sani, ka sa masa hula, ka ƙara masa waƙa, ka haɗa shi da sabon aboki mai surutu, sannan ka tafi shan shayi. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Suka ce, "Baba Garba, lafiya?" Na ce lafiya ƙalau, ku dai kashe abin nan ku matso, don irin wannan ilimin naku ne ya taɓa kusan raba ni da abincina.

A shekarun alif ɗari tara da casa'in da wani abu, ni ne tafintan gidan kallon Alhaji Maina da ke Ngojin, a nan Potiskum. Dogon zaure ne mai rufin kwano, da bencina, da talbijin guda a kan kanta. Bidiyo tana ƙarƙashinta, janareta yana bayan gida yana fama da kansa. Aikina in rage maganar talbijin, in tsaya a gefe da makirfo, in yi magana a madadin duk wanda ya buɗe baki a ciki: namiji, mace, kare, har kujera, don a katun kujera ma ba ta iya kama bakinta. Kuma ba a gogewa a sake kamar yadda kuke yi. Abin da ya fita daga bakinka ya fita, zaure guda ya ji.

Aikin farko da maigidana Malam Adamu, wanda ya koya mini tafinta, ya ba ni shi ne wanke kan bidiyo. Shi tsohon mai majigi ne, ya yi yawon ƙauyuka yana haska wa mutane yadda ake wanke hannu kafin a ci tuwo. A kwance murfi, a jiƙa farin ƙyalle da sufirit, a dafa a hankali ana juya kan da yatsa, ba a gogawa sama da ƙasa. Na ci damina na ci rani ina wannan, tare da ɗinke kaset idan bidiyo ta tauna shi: reza, salatif, da hannun da ba ya gumi. Ranar da ya miƙa mini makirfo ya ce, "Kada ka tsaya kallon talbijin, ka riga ka san abin da ke ciki. Ƙafafun mutane za ka kalla. Mutum in ya ji daɗi yakan cire takalmi ya naɗe ƙafa a benci. In ka ga ƙafa ta sauko tana laluben takalmi, to ka yi wani abu, ko da atishawa ce."

A lokacin katun na yara ne, ranar Juma'a da hantsi, babba ba ya yarda a gan shi kusa da shi. Ruwan sama ne ya kawo mini 'yan kara, wato mutanen kasuwar shanu. Wata ranar kasuwa bayan la'asar hadari ya kece, dillalan shanu da makiyaya suka faɗo zaurenmu don fakewa, da sandunansu da malafunsu da warin turke. Alhaji Maina ya ce tun da sun shigo a sa musu wani abu. Kaset ɗin Indiya yana hannun reza ban gama ɗinke shi ba, sai na cusa abin da hannuna ya kai.

Labarin wani farin bijimi ne da ambaliya ta raba shi da garkensa, yana neman hanyar gida, wata dabba mai kama da kare tana biye da shi. Yaren da suke yi ba Turanci ba ne, ba Indiyanci ba, ba Larabci ba, har yau ban san mutanen da suka zana shi ba. Saboda haka na ba kowa matsayin da ya dace da shi. Dabbar ta zama kura. Kogin ya zama rafin bayan Danchuwa. Mai shanun ya zama Arɗo, duk da jar sumarsa da wandon da ya matse shi.

A bencin gaba akwai Baba Jauro, babban dillalin kara, Bafulatanin da ya daɗe da zama gari. In ya shafa bayan saniya sai ya gaya maka inda ta yi kiwon damina. Tun da aka fara yake tsaki. Can sai bijimin ya zo tashi daga kwance, ya fara ɗaga baya kafin gaba. Baba Jauro ya buga sanda a ƙasa.

"Ku yi mana shiru," in ji shi. "Wanda ya zana wannan ya taɓa kiwo."

Ƙahon bijimin na hagu ya lanƙwasa ƙasa, yana da baƙin tabo a kafaɗar dama. Kafin a kai tsakiya sun raɗa masa suna Karkatacce. Ruwa ya ɗauke, babu wanda ya tashi. Daga ranar, duk ranar kasuwa sai sun zo a sa musu Karkatacce, shekara da shekaru. Suka haddace maganganun da ni na ƙirƙira fiye da ni. In na canza kalma ɗaya sai in ji daga baya, "Kai, Garba, ba haka ya ce ba wancan makon." Har gardamar asalinsa suke yi, wasu su ce Bunaji ne tsantsa, wasu su rantse akwai jinin Wadara a wajen uwa.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, janareta kuma yana shan mai kamar da gayya. A daidai wannan lokaci wani ya buɗe gidan kallo a Hausari, da ƙatuwar talbijin da fankoki da finafinan duka. Samari suka kwashe suka koma can. Mu sai ranar kasuwa muke ganin mutane, su ma 'yan karan sun fara raguwa, don ko uwarka ce take neman hanyar gida kowane mako, wata rana za ka ce ta isa mana. Na zo wata safiya na tarar da kafinta yana auna ƙofar zaurenmu. Na tambayi Alhaji, ya ce so yake ya ga ko amalanke za ta iya shiga da buhunan dusa.

Ya zaro kaset daga aljihun babbar riga, ya ce daga Kano ya zo da shi. A jikin kwalin ga farin bijimi, ga lamba biyu ƙatuwa.

"Garba, kashi na biyu ne," in ji shi. "In wannan bai cika mini zaure ba, dusa za ta cika shi. Ita ba ta shan mai, ba ta neman tafinta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a cika."

Ban iya wata sana'a ba, ga iyali, don haka ban tsaya dogon bincike ba. Na kalli kaset ɗin a gurguje, launinsa ya ɗauke mini ido, na ce wannan ai ya fi na farko. Na ɗaura lasifika a keke na zaga kara ina shela har muryata ta dushe: Karkatacce ya dawo.

Ranar zaure ya cika har taga. Na sa kaset, kiɗa ya tashi, bijimi ya fito. A kan ƙafa biyu ya fito, da hula a ka, da wani tsuntsu a kafaɗa da ba ya rufe baki. Ya yi ƙiba, fatarsa tana sheƙi, ya shiga birni yana rawa a kan titi. Na zage ina zuba magana, na bijimi da na tsuntsu, ina gumi. Babu wanda ya yi dariya. Na saci kallon ƙasa, sai na ga ƙafafu suna saukowa.

"Tsayar da shi," in ji Baba Jauro.

Na danna, bijimi ya daskare da ƙafa ɗaya a sama. Baba Jauro ya taso, dattawa suka biyo shi, suka kewaye talbijin kamar yadda suke kewaye dabba a turke.

"Ina karkatar ƙahon?"

"Baba, wataƙila an gyara masa a birni."

"Ƙaho ne, ba keke ba. Ina tabon kafaɗa? Juya mana shi mu ga ɗaya gefen."

"Baba, ba ya juyuwa."

"To nemo mana inda ya buɗe baki."

Na mayar da kaset baya zuwa wajen waƙa, na tsayar a inda ya wangame baki. Dattawa suka sunkuya. Wani ya ce, "Bone ya same mu!" Bijimin nan yana da haƙoran gaba a sama, jere reras, farare tas. Ku da kuka tashi a gaban kwamfuta ba ku sani ba: sa ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Karkatacce na farko bai taɓa waƙa ba, shi ya sa bai taɓa tona wa kansa asiri ba.

"Jaki ne aka dasa wa ƙaho," in ji wani dillali. Wani kuma ya ce, "Damina nawa ke nan da muka san shi? Mu mun yi furfura, shi ya koma maraƙi. A gaya mana abin da yake ci mu ba namu."

Alhaji Maina ya ga abin zai lalace, ya kutso. Shi Babarbare ne, akwai wasa tsakaninsa da Baba Jauro, sai ya ce, "Haba bawana, zane ne fa. Ku Fulani ko a bango aka zana saniya sai kun nemi tatsa."

"Mun san zane ne, bawana," in ji Baba Jauro, bai ko yi murmushi ba. "Wancan ma zane ne. Amma shi mun san shi, wannan ba mu san shi ba." Ya juyo gare ni. "Garba, a kara in aka musanya dabba, wanda ta shigo ta hannunsa ake riƙewa. Ta bakinka Karkatacce ya shigo garin nan, kai ne dillalinsa. Kasuwa mai zuwa ka fito mana da shi. In babu, mu ma muna son iskar fanka, Hausari ba nisa."

Suka fice. Alhaji kuwa, sai na ji yana tambayar wani ina kafintan nan yake zama.

To kun ji abin da hularku da waƙarku da sabon abokinku suka jawo. Mutanen da suka zauna da abu shekara da shekaru ba sabon abu suka zo nema ba, kuma ba tsohon suka zo a maimaita musu ba. Nasu suke so su gani, su ga abin da zamani ya yi masa tun rabuwarsu. Ni ma a lokacin ban san haka ba. Tsoron dusa ne kawai ya sa na yi abin da na yi.

Na aro bidiyo ta biyu wajen wani mai kemis maƙwabcinmu, na haɗa su da waya, ɗaya tana karantawa ɗaya tana ɗauka. Karkatacce na gaskiya a wuri ɗaya kawai yake a duniya, wato a tsohon kaset ɗinmu, wanda ya sha reza da salatif har ya fi rigar mahaukaci faci. Daga ciki na riƙa tsinto guntaye ina sake musu jeri: inda yake tafiya, inda yake shan ruwa, inda yake tsaye yana kallon nesa. Daga kaset ɗin Kano na ɗebi abin da ba shi da laifi, wato sararin sama da hanya da busasshiyar ciyawa, duk inda jakin nan bai sa ƙafa ba. Wurin da ya soki kura a kashi na farko bidiyo ta riga ta tauna shi, ba ya ɗaukuwa. Dole na haɗa inda yake tsaye kawai da inda kura take juyawa ta tafi. Da na rasa abin rufewa, sai na ɗauko inda yake kwance a gindin bishiya yana barci, na manna a ƙarshe.

Da na kunna abin da na haɗa, sai na ga ɓarna. Kaset in aka kwafe shi daga tsoho, launi guduwa yake. Farin bijimi ya koma ruwan toka. Hoton yana karkarwa, ƙafafunsa suna rawa, wasu layuka sun ratsa cikinsa kamar haƙarƙari. Na wanke kan bidiyo na sake, ya ƙara lalacewa. Man janaretan da Alhaji ya ba ni ya ƙare, babu halin a sake wani. Na zauna na ƙulla labarin da zai hau kan guntayen: fari ya zo, Arɗo ya kora garke kudu, aka bar Karkatacce a baya, shi kuma ya bi sawu don ya komo da su.

Ranar kasuwa suka zo, amma ba wanda ya cire takalmi. Alhaji Maina ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Na yi bisimilla na danna. Ciyawa ta fito, hanya ta fito, sai ga shi ya shigo daga gefe, toka-toka, yana rawar ƙafa, ƙahon hagu a ƙasa.

Aka zuba masa ido. Sai wani daga baya ya ce, "Shi ne."

"Wallahi shi ne. Ga tabon."

"Allah sarki, ya tsufa."

"Ku dubi haƙarƙari. Wannan ya ga fari."

"Ƙafar bayan nan ba lafiya. Da an samu kanwa an ba shi."

Lalacewar da na yi baƙin ciki a kanta, su shekaru suka gani. Na samu ƙarfi na fara zuba masa magana kamar da, sai Baba Jauro ya ɗaga mini sanda ba tare da ya kalle ni ba. "Rage masa surutu. Tsohon bijimi ba ya yawan magana." Na rage. Na bar shi yana tafiya, sai can in sa masa kalma ɗaya ko biyu da murya ƙasa-ƙasa. Tun da na fara aikin nan ban taɓa yin shiru haka da makirfo a hannu ba, kuma ban taɓa ganin an saurare ni haka ba.

Da aka zo wajen kura, na san faɗa suke jira. Bijimi ya tsaya yana kallonta, hoto yana karkarwa. Kura ta juya ta tafi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai na ji zaure ya ɗauki kabbara. Wani dattijo ya ce, "Ta gane shi! Ita ma ta tsufa, ta san abin da ta sha."

Ya tarar da garke, ya komo da su. Sannan ya je gindin bishiya ya kwanta, ya ɗora kai a ƙasa, ya lumshe ido. Ƙarshen kaset shi ya fi ko'ina cinyewa, sai hoton ya fara duhu a hankali. Abin da na shirya faɗa shi ne ya gaji, barci yake, gobe zai tashi, don in bar wa kaina ƙofar kashi na uku. Ban kai ga faɗa ba.

"Wuƙa!" wani ya ƙwala. "Zai tafi! A kawo wuƙa!"

Ku fahimta, waɗannan mutane ne da in dabba ta kwanta irin wannan kwanciya, jikinsu ne yake tashi kafin hankalinsu. In ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, an yi asara, an ji kunya. Benci ya kife. Hannaye suka shiga aljihu. Wani ƙaton dillali har ya iso gaban talbijin da tasa a zare, yana neman alƙibla. Alhaji Maina yana ihu daga ƙofa, "Talbijin ɗina! Jama'a, talbijin ɗina!"

Baba Jauro ya miƙe ya gitta sandarsa a gaban talbijin. Mutumin nan ya yi rayuwarsa yana loda shanu a mota ana kai su kudu, bai taɓa waiwayar ɗaya ba.

"Ku mayar," in ji shi. "Kowa ya mayar da wuƙarsa."

"Baba, zai zama mushe!"

"Ya zama. Sau biyu yana neman garkensa da ƙafarsa, ba wanda ya kora shi. Wannan ba za a sa masa wuƙa ba. Ku bar shi ya tafi da wuyansa."

Suka mayar. Suka tsaya a tsaye har hoton ya gama duhu, talbijin ta koma yayyafi. Ni kuwa na kashe makirfo. Na san guntayen nan ɗaya bayan ɗaya, da hannuna na manna su, amma sai da na share ido.

Ba wanda ya yi hayaniyar fita. Baba Jauro ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Garba, Allah ya ba da haƙuri. Ka fita haƙƙinsa." Sai na bayansa ya miƙo hannu, sai na bayan wancan. Suka yi layi kamar a gidan makoki, kowa yana yi mini gaisuwa, wasu suna tambaya ko za a sake sawa gobe, don akwai 'yan uwansu a ruga da ya kamata su zo su yi sallama da shi. Ina amsawa, "Amin, amin, na gode, za a sa."

A ƙarshen layi sai ga Alhaji Maina, ya gyara hula, ya sunkuyar da kai kamar kowa. Ya kama hannuna ya ce da ƙarfi don a ji, "Allah ya ba da haƙuri, Malam Garba." Sannan ya matso kusa da kunnena.

"Gobe ka zo da wuri. Kafinta zai ƙara mana benci."